Ƙoda ta ji ciwo tun safe, gwajin jini bai faɗa ba sai jibi: abin da ya faru a wani asibitin yara a Ohio

Wannan bayani ne kan asibiti guda ɗaya, wani babban asibitin yara a jihar Ohio ta Amurka, da matsala guda ɗaya da suka kwashe shekara 20 suna fama da ita, wato yadda za a gane ƙodar yaron da ke kwance rai a hannun Allah ta fara lalacewa tun kafin ta tsaya cak. Likitoci suna ce wa wannan ciwo AKI a taƙaice, raunin ƙoda na farat ɗaya kenan, wanda ke zuwa cikin awanni ko 'yan kwanaki, daban yake da ciwon ƙodar da hawan jini ko suga ke kawowa a hankali cikin shekaru.

Kafin 2003: kiriyatinin kawai ake da shi

Asibitin na yi wa yara aikin zuciya da yawa, jariran da aka haifa da huji a zuciya ko jijiyoyinsu a harɗe. Lokacin aikin ana jona yaro da injin da ke riƙe aikin zuciya da huhu, jini ya bar jiki ya bi ta robobi ya dawo, kuma ƙoda ba ta son wannan ko kaɗan, don jinin da ke isa gare ta yana raguwa, jiki yana ɗaukar zafi kamar an kawo masa hari, wasu jajayen ƙwayoyin jini suna fashewa su bar datti. Sai a gama aiki lafiya, a kai yaro ICU, wato ɗakin kulawa ta musamman, kowa ya yi hamdala, kwana biyu sai ka ga fitsari ya ja baya yaro ya kumbura.

Abin da ake auna lafiyar ƙoda da shi a jini shi ne kiriyatinin, wani datti ne da tsokar jiki ke fitarwa kullum ƙoda ta tace shi, idan tacewa ta ragu sai ya taru. Matsalarsa jinkiri. Yakan ɗauki kwana ɗaya zuwa biyu, wani lokaci ma uku, kafin ya tashi, kuma ƙoda tana da ajiyar ƙarfi sosai har mutum zai iya rasa kusan rabin aikinta kiriyatinin na nan inda yake. A yara abin ya fi muni saboda tsokarsu kaɗan ce. Jaririn da kiriyatinin ɗinsa 0.3 ne, idan ya koma 0.6 ai ya ninka, ƙodar ta yi rauni sosai kenan, amma wanda ya saba duba takardar manya zai kalli 0.6 ya ce lafiya lau. Ga kuma ƙarin ruwa da ake ɗura wa mara lafiya a ICU lita kan lita, shi ma yana tsarma jinin, kamar ka ƙara ruwa a miyar da gishiri ya yi wa yawa ne, a baki sai ka ji ya ragu alhali gishirin yana nan a tukunya.

A wancan lokacin an riga an gwada magunguna da dama a manyan mutane ba a dace ba. Wani magani mai suna anaritide ya faɗi a babban gwaji na 1997, maganin dofamin ɗan kaɗan da aka daɗe ana sawa da sunan kare ƙoda shi ma gwajin Ostareliya da New Zealand na 2000 ya nuna bai kare komai ba, ga su kuwa a ɓeraye duk suna aiki. Bayanin da likitocin ƙoda suka fi yarda da shi shi ne a ɓera an san minti ɗin da aka ji wa ƙoda ciwo ana ba da magani nan take, a mutum kuwa sai kiriyatinin ya tashi ake farawa, ihu bayan hari. Likitocin zuciya a lokacin sun riga sun samu turoponin, gwajin jinin da ke nuna tsokar zuciya ta mutu cikin awanni, su kuma na ƙoda abin da suke nema kenan, irin nasu.

2003: aka fara da ɓeraye

Masu binciken da daga baya suka yi aikin a wannan asibiti sun ɗaure jijiyar da ke kai jini ƙodar ɓera na ɗan lokaci suka sake, sannan suka duba dubban ƙwayoyin gado a lokaci guda don ganin wanne ne ya fi saurin farkawa. Ɗaya daga cikin waɗanda suka fi tashi shi ne mai ƙera wani ƙaramin furotin da ake ce wa NGAL. Ba sabon abu ba ne, tun 1993 masu bincike a Denmark suka gano shi a cikin niyutirofil, wani nau'in fararen ƙwayoyin jini masu yaƙi da cuta, kuma aikinsa ya shafi kama ƙarfe don hana bakteriya samun abinci. A riƙe wannan batu na fararen ƙwayoyin jini, zai dawo. Sabon abin shi ne bututun ƙoda da kansu suna ƙera shi da yawa idan suka ji ciwo, kuma yana bayyana a fitsarin ɓera cikin 'yan awanni tun kiriyatinin bai motsa ba.

2005 zuwa 2008: yara 71 da sakamakon da ya girgiza kowa

Yaran aikin zuciya su ne suka fi dacewa a gwada abin a kansu, saboda an san daidai lokacin da aka jona inji, kuma yawancinsu ƙodarsu garau take kafin aiki, babu suga babu hawan jini babu tsufa. Aka bi yara 71, ana ɗibar jini da fitsari kafin aiki da bayan aiki lokaci zuwa lokaci. Guda 20, kashi 28 cikin 100, suka samu AKI, kuma kiriyatinin bai nuna ba sai bayan kwana 1 zuwa 3.

A waɗannan 20 ɗin, awa 2 kacal bayan aiki NGAL na fitsari ya tashi daga maikrogram 1.6 a lita zuwa 147, na jini kuma daga 3.2 zuwa 61. Akwai makin da ake ba gwaji don a san ƙarfinsa wajen bambance mai ciwo da mara ciwo, 0.5 na nufin canki-canka ne kawai, 1 na nufin ba ya kuskure. Na fitsari ya samu 0.998, na jini 0.906. Mujallar Lancet ta buga wannan a 2005.

Suka ci gaba. A 2007 aka gwada wata 'yar na'ura ta gefen gado da ke auna NGAL a ɗan jini kaɗan cikin kusan minti 15, a yara 120 da 45 daga cikinsu suka samu AKI, da iyakar 150, wato lambar da idan an haura ta ake cewa akwai ciwo, makin ya kai 0.96. A 2008 aka sake da fitsari a yara 196 aka samu 0.95. Zuwa nan mutane da yawa sun ɗauka an gama, turoponin ɗin ƙoda ya samu.

2008 zuwa 2011: inda gwajin jinin ya gaza

ICU ba yaran aikin zuciya kaɗai ke kwance a ciki ba. Akwai mai sefsis, wato ƙwayoyin cuta sun bazu jiki ya rikice jini ya faɗi, akwai mai kansa da aka yi wa dashen ɓargo, akwai wanda mota ta buge, kuma babu wanda ya san awa nawa ke nan da ƙodarsu ta fara shan wuya kafin a kawo su. Likitocin ICU na asibitin suka jagoranci bincike a yara 143 masu sefsis ko makamancinsa, aka auna NGAL a jini cikin awa 24 na farko. Guda 22 suka samu AKI. Makin ya faɗo zuwa 0.68. Da iyakar 139, gwajin yana kama kashi 86 cikin 100 na masu ciwon, wannan ba laifi, amma a cikin waɗanda ƙodarsu ba ta lalace ba kashi 39 kawai yake wankewa, sauran kusan shida cikin goma yana nuna su da ja alhali lafiyar ƙodarsu ƙalau.

Dalilin shi ne abin nan na 1993. Yaron da ke da sefsis fararen ƙwayoyin jininsa a tashe suke suna zubo NGAL cikin jini, hanta da huhu ma suna ƙarawa, saboda haka idan ka ga ya yi sama ba ka san ko ƙoda ce ke kuka ko jiki ne gaba ɗaya ke yaƙi ba. Na fitsari ya fi kusa da ƙodar kanta, duk da shi ma ciwon mafitsara yana ɗaga shi.

Sai kuma babban bincike na haɗin gwiwa da aka buga a 2011, wanda asibitin na ciki tare da wasu a Amurka da Kanada. Yara 311 da aka yi wa aikin zuciya, kashi 17 cikin 100 suka samu AKI mai tsanani, NGAL na fitsari ya samu 0.71, wani furotin mai suna IL-18 ya samu 0.72, na jini kuwa bai nuna wata alaƙa mai ƙarfi ba. A manya 1,219 ma makin bai wuce kewayen 0.7 ba. Daga 0.998 zuwa 0.71, a irin yaran da aka fara samun nasarar a kansu fa.

Sun gwada sistatin C ma, shi ma a jini ake auna shi, kuma ba ruwansa da yawan tsoka sosai. A yara 374 ya samu 0.81 awa 12 bayan aiki. Ya riga kiriyatinin, amma shi ma tacewa yake aunawa, sai aikin ƙoda ya riga ya ragu yake tashi, kuma sitiroyid da ake yawan ba yaran ICU yana ɗaga shi, ciwon maƙoƙo ma yana taɓa shi.

Akwai wata matsala da ta ƙara dagula lissafi. Duk waɗannan gwaje-gwaje da kiriyatinin ake auna gaskiyarsu, shi kuwa shi ne wanda ake ƙorafi a kai tun farko. A 2011 ɗin aka haɗa bayanan marasa lafiya 2,322 daga wurare daban-daban, aka ga kusan kashi 19 cikin 100 NGAL ɗinsu ya tashi kiriyatinin bai tashi ba, kuma waɗannan mutanen sun fi shiga wankin ƙoda da mutuwa a kan waɗanda duka biyun suke daidai. Kenan wani ɓangare na abin da aka lissafa a matsayin kuskuren NGAL ciwo ne na gaske da tsohon gwajin bai gani ba.

2010 zuwa 2016: aka koma tambayar wa ya kamata a gwada

A nan ne tunanin ya juya. Likitan zuciya ba ya bin layin asibiti yana ɗibar turoponin a jinin kowa, sai wanda ya zo da ciwon ƙirji kuma yana da dalilin da zai sa a ji tsoro. Ƙoda kuwa ba ta ciwo, yaron da ke kan injin numfashi ma ba zai iya magana ba, to me zai tsaya a madadin ciwon ƙirjin? A 2010 wani likitan ƙodar yara tare da wani likitan ICU na manya suka kawo shawarar a haɗa haɗarin da mara lafiya ke ciki da 'yar alamar farko, a 2014 kuma likitocin asibitin suka mayar da shawarar lissafi mai sauƙi da ake kira RAI.

Ga yadda yake. Awa 12 bayan an kwantar da yaro a ICU ana ba shi maki biyu a ninka su. Na farko haɗari: kwanciya a ICU kawai maki 1, wanda aka yi wa dashen gaɓa ko ɓargo 3, wanda ke kan injin numfashi kuma ana ɗura masa maganin ɗaga jini 5. Na biyu alama, ana duba kiriyatinin ko taruwar ruwa a jiki a ɗauki wanda ya fi muni: babu canji 1, kiriyatinin ya ɗan motsa ko ruwa ya kai kashi 5 zuwa 10 maki 2, ya ninka sau ɗaya da rabi ko ruwa kashi 10 zuwa 15 maki 4, ya ninka biyu ko ruwa ya kai kashi 15 maki 8. Jimla daga 1 zuwa 40, daga 8 zuwa sama ne ake ɗaga tuta.

Lissafin ruwan ba wuya. Yaro mai kilo 10, an sa masa lita 2.2 tun da ya shigo, abin da ya fita lita 1.2, saura lita 1 a jiki, a raba da nauyinsa, kashi 10 kenan. Idan wannan yaron yana kan inji da maganin ɗaga jini, 5 sau 4, maki 20, ko da takardar lab ta ce kiriyatinin lafiya. Wani kuma da aka kwantar don a sa masa ido kawai, kiriyatinin ɗinsa ya ɗan haura saboda amai ya busar da shi, 1 sau 2, maki 2, a ba shi ruwa a ƙyale shi.

Ruwan ya shigo lissafi ne saboda bayanan da aka tara a asibitocin yara na Amurka aka buga a 2010, yara 297 da aka sa wa injin wankin ƙoda mai aiki dare da rana. Waɗanda aka fara wa ruwan jikinsu bai kai kashi 10 ba, kashi 29 suka rasu, masu kashi 10 zuwa 20 kashi 43, waɗanda suka kai kashi 20 ko fiye kusan kashi 66. Ruwan da ya ceci yaro ranar farko shi ne ke cika masa huhu rana ta uku idan ƙoda ba ta fitar da shi.

Ƙarfin RAI yana wajen wankewa, yaron da bai kai 8 ba sama da kashi 90 cikin 100 ba zai samu AKI mai tsanani a rana ta uku ba. Waɗanda suka kai 8 kuma ba duka ne ke kamuwa ba, a nan ne gwajin lab ya samu gurbinsa. Binciken asibitin na 2016 ya nuna RAI shi kaɗai yana da 0.80, da aka ɗora masa NGAL na fitsari ya kai 0.97. Furotin ɗin dai shi ne na da, mutanen da ake gwadawa ne aka tace.

2011: wani aiki a gefe, ƙirga magunguna

A daidai wannan lokaci, a sauran ɗakunan kwanciya da ba ICU ba, asibitin ya fara wani shiri mai suna NINJA wanda babu sabon gwaji a cikinsa sam. Kwamfuta ce ke bin takardun magani kullum, duk yaron da ke shan magunguna uku masu taɓa ƙoda a rana ɗaya, ko ya kai kwana 3 ana yi masa allurar dangin jentamaisin ta jijiya, sai sunansa ya fito wa mai haɗa magani, shi kuma ya gaya wa likitoci a zagayen safe, a riƙa auna kiriyatinin kullum a kuma tambayi ko akwai maganin da za a iya cirewa ko canzawa. Rahoton 2016 ya nuna haɗuwar yara da irin waɗannan magunguna ta ragu da kashi 38, AKI kuma ya ragu da kashi 64. Da aka kai shirin asibitoci 9 raguwar ta kai kusan kashi 24.

2014 zuwa 2017: auna girman matsalar

Asibitin ya jagoranci bincike mai suna AWARE a ICU na yara 32 a Asiya, Ostareliya, Turai da Arewacin Amurka, wata uku a 2014, marasa lafiya 4,683 daga wata 3 zuwa shekara 25. An yi amfani da ma'aunin KDIGO na 2012, wanda ya ce AKI ne idan kiriyatinin ya ƙaru da 0.3 cikin awa 48, a lab ɗin da ke rubuta maikromol 26.5 kenan, ko ya ninka sau ɗaya da rabi cikin kwana 7, ko fitsari ya gaza rabin mililita a kowane kilo a kowace awa har tsawon awa 6. Kashi 26.9 suka samu AKI cikin mako na farko, kashi 11.6 mai tsanani. Mutuwa a masu tsanani kashi 11, a sauran kashi 2.5. Sai kuma wannan adadi, a cikin waɗanda fitsarinsu ya ragu har ya kai ma'aunin AKI, kashi 67.2 da kiriyatinin kaɗai aka duba da ba a gane su ba.

2017 zuwa 2023: haɗa sakamako da abin da za a yi

Daga 2017 ICU na asibitin ya sa duk wannan a cikin aikin yau da kullum. Kwamfuta ke lissafa RAI da kanta awa 12 bayan kwanciya ba sai wani ya tuna ba. Bai kai 8 ba, a ci gaba da kulawa yadda aka saba, ba a kashe kuɗin gwaji. Ya kai 8, nas ta ɗebi fitsari daga roba a kai lab a auna NGAL. Ƙasa da 150 hankali ya ɗan kwanta. Daga 150 zuwa sama sai a fara takatsantsan da ruwa, a duba jerin magunguna, a kira likitan ƙoda tun yanzu, masu tsaka-tsaki a iya ba su allurar lasis mai sa fitsari a ga yadda ƙodar za ta amsa da fitsari cikin awanni masu zuwa, wanda kuma nasa ya haura 500 ruwa na ta taruwa ya doshi kashi 10 zuwa 15, a fara shirin wankin ƙoda, a yi wa iyaye bayani, a sa layin jijiya da rana tsaka ana cikin natsuwa maimakon ƙarfe uku na dare yaro na shaƙewa.

Rahoton da suka fitar a 2023 ya kwatanta yaran da suka buƙaci wankin ƙoda kafin tsarin da bayansa. Bayan tsarin an riƙa fara wankin da wuri, ruwan da ya taru a jiki lokacin farawa ya ragu, zaman ICU bayan an cire injin ya gajarta. A watan Disamba na wannan shekarar hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da gwajin NGAL don yara daga wata 3 zuwa shekara 21 a awa 24 na farkon kwanciya a ICU. Na fitsari ne aka amince da shi, shekara 20 bayan ɓerayen.

Hukunci

A ganina abin da ya gaza a wannan labari shi ne fatan cewa lamba ɗaya a jini za ta yi wa likita tunani. Sakamakon 2005 gaskiya ne, babu maguɗi a ciki, amma an same shi ne a yara masu kama da juna, ciwo iri ɗaya a lokacin da aka sani, su 71 kawai, kuma duk gwajin da aka haifa a irin wannan yanayi mai tsafta dole ya ragu idan ya shiga ICU na gaske. Na jini ya fi shan kashi saboda jini na kowa ne, hanta da huhu da fararen ƙwayoyin jini duk suna zuba nasu a ciki, kuma da yawa daga cikin waɗanda ake jin tsoron ƙodarsu a ICU masu sefsis ne, daidai mutanen da gwajin ya fi rikicewa a kansu. Ana ci gaba da binciken wasu na jini irin su proenkefalin da suPAR, duk wanda zai kawo maka labarinsu tambayar farko ita ce a kan waɗanne marasa lafiya aka gwada, kuma masu sefsis nawa ne a ciki.

Abin da ya yi aiki abu biyu ne da aka haɗa, tace waɗanda za a gwada, da rubuta tun farko abin da za a yi idan lamba ta fito. Har yau babu allurar da ke gyara bututun ƙodar da ya ji ciwo, abin da sanin wuri ke saya maka shi ne damar daina ƙara mata kaya, a rage ruwa, a cire magani mai cutarwa, a riƙe ƙarfin jini daidai, a guji ruwan da ake ɗurawa a jijiya don ɗaukar hoton sikan idan ba dole ba. An ga irin haka a manya a Jamus a 2017, mutum 276 bayan aikin zuciya da wani gwajin fitsari ya nuna suna cikin haɗari aka raba su biyu ta hanyar ƙuri'a, waɗanda aka bi wa waɗannan matakai tsaf kashi 55 suka samu AKI, sauran kusan kashi 72.

Rahoton 2023 na asibitin Ohio kuwa ba na ɗaukarsa hujjar ƙarshe. Asibiti ɗaya ne, kwatancen da da yanzu ne ba ƙuri'a ba, cikin shekarun nan abubuwa da yawa sun canza a ICU, kuma wurin da kowace nas ta san likitocinta sun damu da ƙoda dole a fi lura da ruwa ko da gwaji ko babu. Ina ganin wani kaso mai kyau na nasarar daga wannan lurar ya fito, NINJA ma shaida ce, don da tsohon kiriyatinin ɗin nan da ake rainawa aka rage AKI da kashi 64.

Wannan ne ya sa labarin ya dame ni game da asibitocinmu. Babu ICU na Afirka ko ɗaya a cikin 32 na AWARE, kuma yaranmu galibi da ciwon suke zuwa daga gida, zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, gudawa da amai, sefsis, wani an riga an ba shi ibuprofen ko diklofenak daga kemis kwana uku yana bushe, a asibiti kuma jentamaisin ce a hannu saboda ita ce mai araha. Injin NGAL zai daɗe bai iso yawancin wuraren nan ba, kuma ko ya iso, na jini a irin waɗannan yara masu zazzaɓi zai riƙa nuna ja ne barkatai. Amma rabin RAI sikeli ne da takardar shiga da fitar ruwa da biro. A auna nauyin yaro ranar da ya shigo, a rubuta kowace ledar ruwa da aka rataya, a auna fitsari da gaske ko da ta hanyar ɗora famfas a sikeli ne, giram ɗaya mililita ɗaya, a gaya wa uwar da ke jinya ta faɗa wa nas idan awa shida ta wuce yaro bai yi fitsari ba. Kashi 67.2 ɗin nan da kiriyatinin ya tsallake, da awon fitsari aka kama su.